Hunturu Biyu da Sabuwar Boila: Abin da Na Gani a Aikin Kamfanin da Ya Girka Ta

Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi har sai da hunturu biyu suka wuce, domin na'urar ɗumama gida ba abar da ake yanke wa hukunci ba ce a ranar da ma'aikata suka kwashe kayansu suka tafi. A wannan rana kowace boila tana ba da zafi, kowane bututu yana ƙyalli, mai gida kuma yana murnar rabuwa da ƙura da ƙarar guduma. Sai sanyi ya tsananta, takardar kuɗin gas ta iso, ko wani abu ya tsaya da tsakar dare, sannan ake gane ko da ilimi aka yi aikin ko da ka. Aikin da na ba kamfanin kashi uku ne: su tsara yadda za a ɗumama gida mai hawa biyu tare da samar masa da ruwan zafi, su cire tsohuwar boila su girka sabuwa, sannan su riƙa zuwa duba ta sau ɗaya a shekara. Ba zan ambaci sunansu ba, saboda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma ƙorafi, kuma ina ganin mai karatu zai fi amfana da sanin abin da ya kamata ya lura da shi a wurin kowane kamfani fiye da sanin sunan guda ɗaya.

Wajen tsari suka fi burge ni. Kamfanoni uku na kira, kuma wakilan biyun farko ba su yi fiye da leƙa jikin tsohuwar boila ba. Suka karanta lambar da ke kan farantinta, kilowat 28, suka ce za su kawo mai irin wannan ƙarfi ko wadda ta ɗara ta kaɗan, wai don kada a zo ana da-na-sani. Injiniyan kamfani na uku bai ko kalli farantin ba sai da zai tafi. Ya shafe kusan rabin yini yana bin gidan ɗaki-ɗaki da tef da littafi, yana auna tsawo da faɗi da tsayin kowane ɗaki, yana rubuta girman tagogi da ko gilashinsu mai ninki ɗaya ne ko biyu, yana ƙwanƙwasa bango don ya san wanda ke fuskantar waje, har ya hau sama ya duba kaurin abin hana zafi fita da aka shimfiɗa a ƙarƙashin rufi. Bayanin da ya yi mini shi ne, gida a lokacin sanyi kamar bokiti ne mai yoyo, zafi yana tsiyaya ta bango da taga da rufi da kafar ƙofa, aikin boila kuma bai wuce ta mayar da abin da ya tsiyaye ba. Saboda haka ƙarfin da ake bukata daga yawan yoyon ake gano shi, ba daga girman tsohuwar na'ura ba. Ya yi lissafinsa bisa ƙa'idar Turai mai lamba EN 12831, ya aiko mini da shi a rubuce, kowane ɗaki da adadinsa, jimilla kuwa ta tsaya a kan kilowat 11 a ranar da sanyi ya kai maƙura.

Da farko ban yarda ba, domin a tunanina abu mai ƙarfi ya fi, ko ba komai ba zai gaza ba. Daga baya na fahimci cewa boilar da ta fi ƙarfin gida tana da nata lahani. Boilolin zamani suna iya rage wutarsu, amma kowace tana da iyakar da ba ta iya sauka ƙasa da ita. Idan gidan yana bukatar kilowat 3 a rana mai sauƙin sanyi, alhali mafi ƙarancin abin da na'urar ke iya bayarwa ya kai 7, to dole ta kunna, ta zafafa ruwan cikin ɗan lokaci, ta mutu, ta sake kunnawa, haka za ta wuni tana yi. Wannan kunna-kashe yana ɓarnar gas, yana kuma gajiyar da fanka da abin tayar da wuta. Ranakun tsananin sanyi kaɗan ne a shekara, don haka abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda na'urar ke iya sassautawa, kuma a kan wannan injiniyan ya zaɓi mai kilowat 15 wadda ke sauka ƙasa sosai.

Batu na biyu da ya warware shi ne ko a sa boila mai ɗumama ruwan wanka nan take, wadda ake kira kombi, ko a sa tanki mai ajiye ruwan zafi. Kombi tana da farin jini saboda ba ta cin wuri, amma lissafinta ba ya ɓuya. Ɗaga zafin ruwa lita 12 a minti ɗaya da digiri 35 yana bukatar kusan kilowat 30, wato kusan ninki uku na abin da ɗumama gidan gaba ɗaya ke bukata, kuma lita 12 ɗin nan ita za a raba idan mutum biyu suka buɗe shawa lokaci guda. Gidan yana da banɗaki biyu da ake amfani da su tare da safe. Injiniyan ya ɗauki bokiti da agogo ya auna yawan ruwan da ke shigowa daga babban bututu, ya ce ko da an sa kombi mafi ƙarfi, ruwan da ke shigowa ba zai ishi shawa biyu yadda ake so ba. Muka tsaya a kan tanki, kuma har yau ban yi nadama ba.

Irin boilar da aka sa ita ce mai tatsar zafi daga tururin hayaƙinta, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a kanta ne babban ƙorafina ya rataya. Idan gas ya ƙone, baya ga iskar kabon yana fitar da ruwa a siffar tururi. Tsofaffin boiloli sukan bar wannan tururi ya fice ta bututun hayaƙi da dukan zafin da yake ɗauke da shi. Sabbin kuwa suna bi da hayaƙin ta jikin bututun da ruwa mai ɗan sanyi ke dawowa daga ɗakuna, sai tururin ya koma ruwa, ya sakar wa na'urar zafinsa. Ribar da ke ɓoye a cikin tururin ta kai kusan kashi 11 cikin 100, kuma shi ya sa wasu takardun talla ke rubuta ingancin da ya haura 100 bisa 100, abin da kan ba mai hankali dariya, alhali asalin maganar ita ce tsohon ma'aunin ba ya ƙirga zafin tururin tun farko. Saboda wannan riba ce aka wajabta irin wannan boila ga sabbin girke-girken gas a Ingila da Wales tun daga Afrilun 2005. Sai dai akwai sharaɗi guda wanda masu talla ba su cika faɗa ba: tururin ba ya komawa ruwa sai idan ruwan da ke dawowa cikin boilar bai kai kimanin digiri 55 a ma'aunin Salshiyas ba, kuma gwargwadon yadda ya yi ƙasa da haka, gwargwadon ribar. Wanda ya sayi irin wannan na'ura ya bar ta tana tura ruwa mai digiri 75 ko 80, ya biya kuɗin sabuwa ne amma kusan aikin tsohuwa take yi masa.

Injiniyan ya san da wannan, kuma tsarinsa ya nuna haka. Fayafayen ƙarfen da ke manne a bangon ɗakuna, waɗanda ake kira lagireto kamar na mota, ana rubuta ƙarfinsu ne bisa ruwa mai shiga da digiri 75, mai fita da 65, a ɗaki mai digiri 20, wato tazarar digiri 50 tsakanin lagireto da iskar ɗaki. Idan aka rage zafin ruwan har tazarar ta koma 30, abin da lagireton ke bayarwa yana raguwa zuwa kusan rabi. Don haka ya gwada kowane lagireto da bukatar ɗakinsa, ya gano cewa yawancinsu dama sun fi girman da ake bukata, uku kaɗai ne suka gaza, aka sauya su da masu ninki biyu. Bai nemi a sauya duka ba, ko da yake da ya nema da ban san yadda zan musa ba, kuma wannan ya ƙara mini amincewa da shi.

Ranar girki kuwa ba injiniyan ne ya zo ba, wata tawaga ce ta masu aikin famfo su uku. An ce kwana uku, aikin ya ci biyar, kuma ban ɗauki wannan da zafi ba, domin kwana ɗaya cur ya tafi ne a wanke tsofaffin bututu. Abin da ya fito daga cikinsu baƙar laka ce mai kauri, wadda ke taruwa sakamakon tsatsar da ƙarfen lagireto ke yi idan iska tana shiga ruwan. Wannan laka ita ke sa a taɓa lagireto a ji samansa da zafi ƙasansa da sanyi, ita ke cinye famfon tura ruwa, ita kuma ke toshe ƙananan hanyoyin da ke cikin sabuwar boila. Sun wanke har ruwan ya fito garau, suka ɗaura matata mai maganaɗisu a kan bututun da ke komawa boila, suka zuba maganin hana tsatsa. Sun kuma cire tsohon buɗaɗɗen tankin da ke saman rufi suka mayar da tsarin rufaffe, mai geji da ke nuna matsi tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin matsi da ake kira "bar" idan ruwan ya huce, da bawul ɗin kariya da ke buɗewa da kansa idan matsi ya kai 3. Haɗin bututun tagulla ya yi kyau, layuka a miƙe, kowane bawul a inda hannu ke kaiwa. A kan ƙwarewar hannu ba ni da abin cewa.

Matsalar ita ce abin da aka rubuta a takarda bai isa hannun masu girkin ba, ko kuwa ya isa ba su karanta ba. Makonni kaɗan da shigowar sanyi na lura cewa lagiretoci suna yin zafin da ba a iya ɗora hannu a kansu, ɗakunan da ke kusa da boila suna turiri, na ƙarshen layi kuma da ƙyar suke ɗumi. Na sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai kama bututu na ɗaura a kan bututun dawowa, ya nuna digiri 63. Wato duk lissafin rabin yinin nan, da lagiretoci ukun da na biya aka sauya, ba su yi amfanin komai ba, domin an bar na'urar a kan digiri 75 an tafi. Da na duba kwalin da suka bari a ƙarƙashin matakala, sai ga na'urar auna sanyin waje a cikin ledarta, ba a ko buɗe ta ba, alhali tana cikin yarjejeniya. Aikinta shi ne ta gaya wa boila yanayin waje, domin ta rage zafin ruwa a rana mai sauƙi, ta ƙara idan sanyi ya ƙaru.

Na kira ofis, kuma a nan dole in yi adalci: ba su yi gardama ba. Injiniyan da kansa ya zo bayan kwana huɗu, ya ba da haƙuri, ya ɗaura na'urar a bangon da rana ba ta bugu, sannan ya yi aikin da ya kamata a ce an yi tun ranar farko, wato daidaita rabon ruwa. Ruwa yana bin hanya mafi sauƙi, saboda haka lagireton da ke kusa da famfon tura ruwa yakan kwashe kaso mafi tsoka ya bar na nesa da ƙishi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matse bawul ɗin fita na na kusa, yana sassauta na na nesa, yana auna bambancin zafi tsakanin shiga da fita, har gidan ya daidaita. Aikin ya ɗauke shi awa uku. Tun daga ranar, a yawancin kwanaki ruwan yana fita da digiri 45 zuwa 50, lagireto yana da ɗumi ne kawai a hannu, boilar tana tafiya a hankali na tsawon sa'o'i ba tare da mutuwa ba, ɗakunan kuma sun fi daɗin zama fiye da lokacin da ƙarfen ke ƙuna. Gas ɗin da mita ta nuna a wannan hunturu ya yi ƙasa da na shekarun tsohuwar boila ƙwarai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da ban sayi ma'aunin nan ba, da haka za a ci gaba shekara da shekaru, gida yana da zafi, kowa yana ganin aiki ya yi.

Kuskure na biyu ya fi na farko ban haushi, don da tsakar dare ya bayyana. Ruwan da tururi ke komawa yana da ɗan tsami, shi ya sa ake fitar da shi ta bututun roba zuwa magudana, kuma idan boila tana aiki yadda ya kamata yakan kai lita ɗaya ko fiye a awa. Masu girkin sun fitar da siririn bututu na milimita 22 ta bayan gida ba tare da sun naɗe shi ba. A daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ruwan ya daskare a ciki, ya toshe hanya, boilar ta kashe kanta kamar yadda aka ƙera ta ta yi. Wanda ya ɗauki waya ya koya mini in zuba ruwan ɗumi a kan bututun, ba tafasasshe ba, kuma hakan ya yi aiki, amma wannan ba gyara ba ne. Bayan mako biyu suka zo suka sauya ɓangaren waje da bututu mai milimita 32, suka naɗe shi, suka ƙara masa gangara, ba tare da sun karɓi komai ba.

A ɓangaren ruwan wanka kuwa yabo kawai gare ni. An saita tankin a kan digiri 60, kuma da na nemi a rage don tsimin gas, injiniyan ya ƙi, ya ba ni dalili. Ƙwayar cutar Lejiyonela tana hayayyafa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, musamman wanda ya kwanta ba ya motsi, kuma ta hanyar shaƙar feshin ruwa kamar na shawa take shiga huhu. An gano ta ne bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Ruwa mai digiri 60 yana kashe ta, amma yana iya ƙona fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan, balle fatar yaro ko tsoho. Mafitar da suka yi ita ce bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi kafin ya isa shawa da bahon wanka, ta yadda tanki yana nan da zafinsa, abin da ke zubowa kuma ba ya cutarwa. An kuma saita boilar ta ɗaga zafinta ne kawai lokacin da take ɗumama tanki, ta koma ƙasa idan ta juya ga ɗakuna.

Sabis na shekara-shekara ya dogara ƙwarai da wanda aka turo. Na farko ya yi aikin da ya cancanci kuɗinsa. Ya sa na'urar gwajin hayaƙi a bakin bututu ya karanta yadda gas ke ƙonewa, ya wanke tarkon ruwan tururi, ya buɗe matatar maganaɗisu ya nuna mini ɗan abin da ta kama, ya ɗebi ruwan lagireto ya gwada ko maganin hana tsatsa yana nan da ƙarfinsa, ya bi bututun hayaƙi gaɓa-gaɓa, ya kuma danna ƙararrawar iskar kabon mai guba don ya tabbatar tana aiki. Wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, tana fitowa ne idan gas bai ƙone sosai ba, kuma tana iya kashe mutum yana barci, don haka na ji daɗi da bai ɗauki gwajin da wasa ba. Ya rubuta duk abin da ya auna a littafin na'urar, wanda shi ne hujjar da ake nema idan batun garanti ya taso.

A shekara ta biyu ne geji ya fara wasa: idan ruwa ya yi zafi allurar ta haura kusa da 3, idan ya huce ta faɗo ƙasa da 1, ga kuma ɗigon ruwa a bakin bututun kariya. Wanda aka fara turowa ya buɗe famfo ya ƙara ruwa, allura ta koma wurinta, ya tafi cikin minti goma. Bayan kwana shida aka koma gidan jiya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma rufaffen tsari ba ya rasa matsi sai da dalili. Ƙara masa sabon ruwa a kai a kai ma illa ce, domin sabon ruwa yana shigo da iskar da ke jawo tsatsa, yana kuma tsinka maganin da aka zuba. Na roƙi a turo mini ma'aikacin farko, wanda ya yi sabis ɗin shekarar farko, shi kuwa yana jin bayanin ya nufi tulun faɗaɗa. Ruwa yana ƙara girma idan ya yi zafi, kusan kashi 4 cikin 100 daga sanyi zuwa tafasa, kuma wannan tulu, mai tantanin roba a tsakiya da iska a gefe guda, shi ke karɓar ƙarin. Iskar cikinsa ce ta ragu, don haka ruwan da ya faɗaɗa bai sami wurin zuwa ba sai ta bawul ɗin kariya. Ya zubar da matsin tsarin, ya hura tulun da famfon hannu zuwa adadin da aka rubuta a jikinsa, ya sauya bawul ɗin da ya fara yoyo, kuma tun daga nan allurar ba ta sake rawa ba.

Hukuncina shi ne kamfanin yana da ilimi na gaske a ofishinsa da kuma hannun wasu ma'aikatansa, amma ilimin ba ya bin aiki daga tebur zuwa gida sai mai gida ya matsa. Zan ba da shawarar a yi aiki da irinsu, musamman ga wanda ke da tsohon gida mai ɗakuna da yawa, inda tsari na ƙwarai ke da tasiri sosai, amma da sharuɗɗa a rubuce: a ba da lissafin kowane ɗaki kafin a sa hannu, a ambaci zafin ruwan da aka tsara na'urar ta yi aiki da shi, a sa daidaita lagiretoci a cikin aikin, a fayyace ta inda bututun ruwan tururi zai bi, kuma kada a biya kason ƙarshe sai wanda ya yi tsarin ya zo da kansa ya auna zafin ruwan da ke dawowa. Ni dai na sabunta yarjejeniyar sabis zuwa shekara ta uku, bisa alkawarin cewa ma'aikacin farko za a riƙa turo mini. Saura naɗe bututun da suka ratsa ta gareji, wanda aka yi mini alkawarinsa tun ranar girki, kuma na sake tuna musu a makon jiya.